Gidan na waye? Tambayoyi da amsoshi kan shugabancin gidajen fasaha, bisa abin da ya faru a Detroit

Da yawa daga gidajen adana kayan fasaha, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, tawagogin makaɗa da bukukuwan littattafai na duniya ba mallakar gwamnati ba ne, ba kuma na ɗan kasuwa ba. Suna hannun ƙungiyoyi ne da ba su raba riba. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi yadda ake riƙe irin waɗannan ƙungiyoyi, da mutanen da ke da hakki a kansu. Don kada maganar ta tsaya a iska, an ɗora ta kan gida ɗaya: Detroit Institute of Arts, wanda ake kira DIA, a jihar Michigan ta Amurka. A 2013 saura ƙiris a yi gwanjon kayansa don biyan bashin birni.

In ƙungiya ba ta neman riba, ashe ba ta samun kuɗi ke nan?

Tana samu, wani lokaci ma da yawa. Tana sayar da tikiti, tana da kanti, tana karɓar gudummawa, tana biyan ma'aikata albashi. Abin da aka hana shi ne rabo. Duk rarar da ta saura a ƙarshen shekara komawa take cikin aikin, ba ta shiga aljihun wanda ya kafa ƙungiyar ko na shugabanninta. Saboda haka ba ta da mai ita irin yadda kamfani ke da masu hannun jari. Tana da masu riƙon amana ne kawai.

A Amurka irin wannan ƙungiya tana samun sassaucin haraji ƙarƙashin sashe na 501(c)(3) na dokar harajin tarayya, wanda ya ba ta kyauta shi ma ana rage masa haraji. A madadin haka, duk shekara sai ta cike takarda mai lamba 990, wadda kowa zai iya dubawa, a ga kuɗin da ya shigo, wanda ya fita, har albashin manya. Babban lauyan jiha ne ke sa ido kan dukiyar sadaka a madadin jama'a. Mai karatu da ya san waƙafi zai gane tsarin nan take: dukiya ce da aka tsare don wata manufa, mai kula da ita ba shi da ikon cin ta ko karkatar da ita.

Su waye masu ruwa da tsaki a gidan fasaha?

Duk wanda abin da gidan ya yi zai taɓa shi, da duk wanda abin da ya yi zai taɓa gidan. Akwai waɗanda kowa ke tunawa da su: attajirai masu ba da kyauta, gidauniyoyi, gwamnati, masu zane da makaɗa, da masu zuwa kallo. Akwai kuma waɗanda ake mantawa da su sai ranar rigima: masu gadi da masu shara, malaman makaranta da ke kawo yara, maƙwabta, masu biyan haraji da ba su taɓa taka ƙofar gidan ba, da magadan waɗanda suka ba da kyauta shekara ɗari da ta wuce bisa wani sharaɗi.

A Detroit an samu wani rukuni da ba na jin akwai wanda ya taɓa sa shi a lissafin gidan kafin 2013: tsofaffin ma'aikatan birni masu karɓar fansho. Direbobin bas, ma'aikatan ruwa, 'yan kwana-kwana. Ba su da alaƙa da zane. Amma takardar mallaka ta haɗa makomarsu da ta gidan.

Ta yaya gidan fasaha ya zama kadarar birni tun farko?

Wasu masu hali ne suka kafa shi a 1885 da sunan Detroit Museum of Art, a matsayin ƙungiya mai zaman kanta. A 1919 suka miƙa gidan da kayansa ga hukumar birni, ya zama sashe na gwamnatin Detroit kamar sauran sassa. A lokacin shawarar ta yi kyau. Masana'antar mota na bunƙasa, birnin na da kuɗi, kuma da kuɗin birni aka riƙa sayen zane-zane. A 1922 aka sayi hoton da Vincent van Gogh ya zana na kansa, shi ne aikin Van Gogh na farko da ya shiga gidan tarihi na jama'a a Amurka. A 1927 aka buɗe ginin da ke kan titin Woodward. A 1930 aka sayi zanen rawar biki na Pieter Bruegel. Tsakanin 1932 da 1933 Diego Rivera, ɗan ƙasar Meziko, ya zana ma'aikatan masana'antar mota a bangon tsakar gidan, Edsel Ford, shugaban kamfanin mota na Ford, ne ya biya.

Sai arzikin birnin ya fara zaizayewa. Detroit mai mutum kusan miliyan 1.85 a 1950 ta koma mai mutum dubu 700 da 'yan kai a 2010. A 1975 an rufe gidan na wasu makonni don babu kuɗi. Jiha ta ɗauki nauyi na wani lokaci, ita ma ta zaftare tallafinta a farkon shekarun 1990. A 1998 aka ƙulla yarjejeniyar da ta ba ƙungiyar magoya bayan gidan, mai zaman kanta, ikon tafiyar da shi. To a nan aka bar ɓaraka: gudanarwa ta koma hannun ƙungiya, amma gini da kaya suka ci gaba da zama da sunan birni. Shekara goma sha biyar aka yi a haka, kowa na aikinsa, ba wanda abin ya dama.

Me ya faru a 2013?

A watan Maris gwamnan jihar, Rick Snyder, ya naɗa lauya Kevyn Orr kantoman riƙo, da iko sama da na magajin gari da kansiloli. Ranar 18 ga Yuli Detroit ta je kotu ta ayyana karayar arziki, da bashin da aka ƙiyasta ya kai dala biliyan 18. Ba a taɓa samun birnin Amurka da ya faɗi da bashi mai yawan haka ba.

Wanda ake bi bashi dole ya bayyana abin da ya mallaka, kuma Detroit ba ta da wata kadara mai daraja kamar abin da ke rataye a bangon DIA. Orr ya ɗauko kamfanin gwanjo na Christie's ya yi wa kayan da aka saya da kuɗin birni kai tsaye kuɗi. Guda 2,800 ne ko kusa da haka, cikin kaya sama da dubu 60. Christie's ya ce za su kai tsakanin dala miliyan 454 da miliyan 867. Zanen Bruegel kaɗai an yi masa kuɗi tsakanin miliyan 100 da miliyan 200. Manyan masu bin bashi, musamman kamfanonin inshora biyu, Syncora da FGIC, suka ce ba su yarda a tsaya nan ba, a lissafa dukkan kayan gidan, waɗanda wasu ƙiyasce-ƙiyasce suka kai su biliyoyin daloli.

Tsakani da Allah, ba 'yan fansho ne suka fi gaskiya ba? Zane ya fi abincin tsoho?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma bai dace masoyin fasaha ya kawar da kai daga gare ta ba. Matsakaicin fanshon ma'aikacin birni da ba ɗan sanda ko ɗan kwana-kwana ba bai wuce dala dubu 19 a shekara ba, wanda a Amurka kuɗi ne na rufin asiri kawai. Mutanen nan sun yi aikinsu, ba su suka ci bashin ba, kuma tsarin mulkin jihar Michigan ya ce ba a taɓa fanshon da aka riga aka ci gumi a kai. Duk da haka alƙali Steven Rhodes ya yanke a Disamba 2013 cewa dokar tarayya ta karayar arziki ta ba da damar a rage shi. In aka ce wa tsohuwar da ta yi shekara talatin tana aikin birni ta zaɓa tsakanin kuɗin maganinta da wani zane na ƙarni na 16, ba wanda ya isa ya ga laifinta kan abin da za ta zaɓa. Ga kuma wani abu da ba a cika faɗa da ƙarfi ba: kusan kashi 80 cikin 100 na mazauna Detroit baƙaƙen fata ne, kuma da yawansu sun daɗe suna ganin gidan a matsayin wurin shaƙatawar farare masu kuɗi da suka ƙaura bayan gari.

Sai dai tambayar, yadda aka saba yin ta, ta ɓoye abubuwa biyu. Na farko, ba 'yan fansho kaɗai ke layi ba. Da an yi gwanjo, kuɗin zai shiga tukunya ɗaya ne, kamfanonin inshora da masu takardun lamuni su ma su ɗebi rabonsu. Masu matsa lamba a sayar ɗin ma su ne kan gaba. Na biyu, sayarwar ba za ta zo da sauri ba. Magadan masu kyauta za su kai ƙara, gidan zai kai ƙara, jiha za ta shiga, a yi shekaru ana shari'a tsofaffi na jira. Ra'ayina shi ne hakkin 'yan fansho ya fi ƙarfi, kuma abin da ya sa ƙarshen labarin ya yi kyau shi ne masu kare gidan sun daina musun wannan hakki, suka koma neman yadda za a biya shi.

Akwai dokar da ta hana gidan tarihi sayar da kayansa?

Akwai shinge iri biyu. Na farko na shari'a ne: a Yuni 2013 babban lauyan Michigan, Bill Schuette, ya fitar da ra'ayi a rubuce cewa kayan DIA amana ce ta sadaka da birnin ke riƙe wa jama'ar jihar, don haka ba a biyan bashi da su. Ra'ayi ne mai nauyi, amma ba hukuncin kotu ba ne, kuma masu bin bashi sun ƙi amincewa da shi.

Na biyu na sana'a ne. Ƙungiyar daraktocin gidajen fasaha ta Arewacin Amurka, AAMD, tana da ƙa'ida cewa gida na iya sayar da wani abu daga kayansa, amma kuɗin sai dai a sayi wani aikin fasaha da shi, ba a biyan albashi ko bashi. Wanda ya karya, sauran gidaje su daina ba shi aron kaya. An yi wa gidan Delaware haka a 2014, an yi wa na Berkshire a 2018. Dalilin ƙa'idar a fili yake: ranar da kwamitin amintattun gida ya gane cewa kayan da ke bango na iya cike giɓin kasafi, ya daina wahalar neman kuɗi, kuma mai kyauta ya daina bayarwa. Daga baya, a 2022, an ɗan sassauta ƙa'idar don a iya kashe kuɗin wajen kula da kayan kai tsaye.

To me ya fi kare gidan, in ba doka ba?

Ƙuri'ar da aka kaɗa shekara guda kafin rigimar. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma shugabannin DIA, darakta Graham Beal da shugaban kwamiti Eugene Gargaro, sun fafe nasu da wuri, ko da yake ba don wannan tafiyar suka yi ba.

Bayan rikicin tattalin arziki na 2008 gidan ya sallami kusan kashi ɗaya cikin biyar na ma'aikatansa. Suka ga cewa roƙon attajirai duk shekara don biyan wuta da albashi ba zai ɗore ba. Sai suka je wurin talakawa. A Agusta 2012 aka tambayi masu zaɓe a gundumomi uku da ke kewaye da birnin, Wayne da Oakland da Macomb, ko sun yarda a ɗora musu ɗan ƙaramin harajin gida na shekara goma don gidan fasaha. Mai gidan da ya kai dala dubu 200 zai biya kamar dala 20 a shekara. In an tara, kusan dala miliyan 23 ke nan duk shekara. Duka ukun suka amince, ko da yake a Macomb da ƙyar aka sha.

Abin lura shi ne ba kyauta suka nema ba, ciniki suka yi. Duk mazaunin gundumomin uku zai shiga gidan ba tare da ya biya ba. Za a ɗauko yaran makaranta a bas kyauta. Za a yi wa tsofaffi shirye-shirye. Kowace gunduma ta kafa hukumar da ke karɓar harajin, ta sa hannu kan yarjejeniya da gidan, tana bin diddigi. Kafin ƙuri'ar ma an yi shimfiɗa: a 2007 an sake buɗe gidan bayan gyara, aka sauya bayanan da ke jikin kaya zuwa harshen da wanda bai yi karatun fasaha ba zai gane. Daga 2010 aka fara kafa kwafin fitattun zane-zane a tituna da wuraren shaƙatawa na unguwanni, mutane su gan su a hanyarsu ta zuwa aiki.

Da maganar gwanjo ta taso, sai ga amfanin wannan duka. Hukumomin Oakland suka bayyana cewa in aka sayar da kayan don biyan bashin birni, harajinsu ya tsaya. Ma'ana, sayar da ko da kaɗan ne zai janye babban kaso na kuɗin tafiyar da gidan, ya rufe shi. Kuma 'yan majalisar jiha da ke wakiltar bayan gari, waɗanda ba su cika tausaya wa Detroit ba, yanzu masu zaɓensu na da hannu a gidan.

Yaya aka warware?

Alƙali Rhodes ya naɗa wani alƙalin tarayya, Gerald Rosen, mai shiga tsakani. Dabarar Rosen ita ce a haɗa matsalolin biyu su zama maganin juna: a nemo kuɗi daga waje, a zuba su a asusun fansho kaɗai, a madadin haka birni ya saki gidan. Mariam Noland, shugabar gidauniyar al'umma ta kudu maso gabashin Michigan, ta taimaka wajen tara shugabannin gidauniyoyi a ɗaki ɗaya a ƙarshen 2013.

Gidauniyoyi suka yi alkawarin dala miliyan 366. Gidauniyar Ford, ƙarƙashin Darren Walker, ta ba da miliyan 125, Kresge miliyan 100, Kellogg miliyan 40, Knight miliyan 30. Jiha ta ɗauki miliyan 350 da za a biya cikin shekara 20, amma da yake ta biya a dunƙule tun farko, kusan miliyan 195 ta bayar a madadinsa. DIA kanta aka ce sai ta kawo miliyan 100, ta kuma tara, kamfanonin mota uku na Detroit suka ba da miliyan 26 daga ciki. Jimilla dala miliyan 816 cikin shekara 20. Sharaɗin shi ne 'yan fansho su kaɗa ƙuri'ar amincewa, su kuma janye ƙararsu kan jiha. Suka amince da rinjaye mai yawa. Ranar 7 ga Nuwamba 2014 Rhodes ya amince da shirin, a Disamba birnin ya fita daga hannun kotu, gini da kaya suka koma mallakar ƙungiyar DIA a matsayin amanar jama'a ta dindindin.

Kowa ya ci riba ke nan?

A'a. An rage fanshon ma'aikatan gama-gari da kashi 4.5 cikin 100, aka soke ƙarin da ake yi musu duk shekara saboda tsadar rayuwa. 'Yan sanda da 'yan kwana-kwana ba a taɓa ainihin fanshonsu ba, amma an rage ƙarin shekara. An kuma zaftare tallafin lafiyar masu ritaya ƙwarai. Ragin ya yi ƙasa sosai da abin da aka fara tsorata su da shi, amma ga wanda ke lissafin kowace dala, asara ce da ke ƙaruwa kowace shekara. Duk wanda zai ba da labarin ceton DIA ya kamata ya faɗi wannan a cikinsa.

Mene ne ainihin aikin kwamitin amintattu? Ba darakta ne ke komai ba?

Darakta da ma'aikatansa ne ke tafiyar da gida: wane baje koli za a yi, wa za a ɗauka aiki, yaya za a jera kaya. Kwamiti ba ya shiga wannan, kuma kwamitin da ya fara zaɓar zanen da za a rataya ya bar aikinsa. Nasa aikin shi ne ya ɗauki darakta, ya auna shi, ya sallame shi in ta kama. Ya amince da kasafi. Ya kawo mai binciken kuɗi daga waje. Ya tsare dukiya. Ya tabbatar ba a kauce wa manufar da aka kafa gidan a kanta ba. Dokar Amurka ta ɗora wa ɗan kwamiti nauyi uku: ya kula da lamarin kamar yadda mai hankali zai kula, ya fifita amfanin ƙungiya kan nasa, ya tsaya kan manufa da doka. Yawanci ba a biyansu, su ne ma ake sa ran su bayar ko su nemo.

Akwai tambaya ɗaya da, a ganina, kwamitin DIA ya bari ta kwana shekaru da yawa: da sunan wa kayan nan suke, kuma me zai faru in wancan ya faɗi? Tambaya ce marar daɗi, ba ta da gaggawa, shi ya sa ake ɗage ta daga zama zuwa zama.

In masu kuɗi ne suka cika kwamiti, ba za su mallake gidan ba?

Haɗarin na nan, kuma yana zuwa ta fuska biyu. Ɗaya ita ce kwamiti ya zama bai yi kama da garin da gidan ke ciki ba. Ɗayar kuma ita ce tushen dukiyar mai bayarwa ya zama abin kunya ga gidan. A gidan Whitney na New York, mataimakin shugaban kwamiti Warren Kanders shi ne mai kamfanin Safariland da ke yin barkonon tsohuwa. Da aka ruwaito an harba kayan kamfanin kan 'yan ci-rani a iyakar Amurka da Meziko a ƙarshen 2018, ma'aikatan gidan suka rubuta wasiƙar ƙorafi, aka yi watanni ana zanga-zanga, sannan masu fasaha takwas suka nemi a cire ayyukansu daga babban baje kolin gidan. A Yuli 2019 ya sauka. Haka sunan iyalin Sackler, masu kamfanin Purdue Pharma a lokacin, wanda ya yi OxyContin, maganin kashe ciwo da ya jefa mutane da yawa cikin jarabar shansa: mai ɗaukar hoto Nan Goldin ta jagoranci zanga-zanga a gidan Metropolitan na New York a 2018, a Disamba 2021 gidan ya cire sunan daga ɗakunansa.

A duka biyun, waɗanda ba su da kujera a kwamiti ne suka sauya hukuncin kwamiti. Gidan da ke da rubutacciyar ƙa'idar karɓar kyauta, wadda ta faɗi irin kuɗin da ba ya karɓa, tsawon shekarun da suna zai zauna a bango, da sharaɗin cire shi, ya rage wa kansa rabin wannan wahala.

An ce DIA ta yi rigimar albashi ana tsakiyar wannan hali. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. A 2014 jaridu suka gano daga takardun harajin gidan cewa a shekarar da aka roƙi jama'a haraji an yi wa darakta da mataimakiyarsa ƙarin albashi da tukuici mai tsoka. Jami'an Oakland suka fusata, wasu suka fara maganar janye tallafi. Kwamiti ya kare kansa da cewa albashin bai wuce na takwarorinsu a sauran gidaje ba, kuma mai yiwuwa haka ne. Amma amsar ba ta dace da tambayar ba. Daga ranar da gida ya karɓi kuɗin mai biyan haraji, ba da takwarorinsa na New York ake auna shi ba, da aljihun wanda ya biya ake auna shi. A ƙarshe shugaban kwamiti ya nemi afuwa, 'yan kwamiti suka mayar wa gidan dala dubu 90 daga aljihunsu, aka kuma yi alkawarin sanar da gundumomi kafin irin wannan hukunci nan gaba. Da an faɗa musu tun farko, da wuya abin ya kai haka. Jin labarin a jarida ne ya fi yi musu ciwo.

Ma'aikata fa? Suna da murya?

A tsarin doka, kusan babu. Ba su zaɓar kwamiti, kuma duk abin da kwamiti ya sani game da su ta bakin darakta yake ji. Wannan rauni ne babba. A 2020 wasu ma'aikatan DIA na da da na lokacin suka fito fili suna ƙorafi kan salon shugabancin darakta Salvador Salort-Pons, wanda ya gaji Beal a 2015, da kuma yadda ake tafiyar da ma'aikata baƙaƙen fata. A lokaci guda aka kai ƙorafi ga hukumomi kan wani zanen El Greco da gidan ya karɓa aro daga surukin daraktan, tunda rataya zane a babban gida na iya ƙara masa daraja a kasuwa. Kwamiti ya ɗauko lauyoyi daga waje suka bincika, ya sanar cewa ba a samu karya doka ba, daraktan ya ci gaba da aikinsa.

Ko da an wanke mutum, abin da ya kamata a yi tun farko bai sauya ba. Wanda ke da dangantaka da wani ciniki ya bayyana ta a rubuce, ya fita daga ɗakin, wasu su yanke, a rubuta a littafin zama. Kuma a samar wa ma'aikaci hanyar da zai kai kuka ga kwamiti ba tare da ya bi ta ofishin wanda yake kuka da shi ba.

Wannan duk labarin Amurka ne. Ƙungiyar marubuta ko ta wasan kwaikwayo a Najeriya tana da irin wannan tsari?

Tana da shi a doka. Sashen F na dokar kamfanoni ta 2020 ya tanadi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ga ƙungiyoyin addini, ilimi, adabi, al'adu da sadaka. Ana buƙatar amintattu aƙalla biyu da kundin tsarin mulki, a buga sanarwa a jarida don mai ƙorafi ya fito. Da zarar an yi rajista, ƙungiya na iya mallakar fili da asusun banki da sunanta, ta kai ƙara a kai ta. Ba a raba kuɗinta ga mambobi, in kuma ta rushe, abin da ya saura sai a miƙa wa wata mai irin manufarta. Sashe na 839, wanda ya ba CAC ikon dakatar da amintattu ta naɗa masu riƙo, ya jawo ce-ce-ku-ce sosai, musamman daga ƙungiyoyin addini, har maganar ta je kotu.

Tambayoyin Detroit suna nan daram a wurinmu, ko da ƙungiyar ba ta mallaki komai ba sai kyamara biyu da akwatin kayan wasa. Filin da gwamna ya ba da, da sunan wa aka rubuta shi? Ɗakin da ƙaramar hukuma ta ba da aro, akwai takarda, ko sai ranar da aka sauya ciyaman? Rubuce-rubucen da iyalin wani marigayi suka kawo, kyauta ce ko ajiya? Asusun banki, sa hannun mutum nawa yake buƙata? Wa'adin shugaba shekara nawa ne, kuma wa ke kiran zaɓe in ya ƙi kira? Sannan a nan akwai masu ruwa da tsaki da babu irinsu a Michigan, wato fada da malamai. A birnin Benin, gardamar wanda zai riƙe kayan tagulla da ake dawowa da su daga Turai ta haɗa fadar Oba, gwamnatin jihar Edo, hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da wata ƙungiyar amintattu mai zaman kanta, har sai da Shugaba Muhammadu Buhari ya fitar da sanarwa a Maris 2023 cewa Oba ne mai su.

Yanzu DIA ta tsira ke nan har abada?

Daga masu bin birni bashi, ta tsira, domin kayan ba na birni ba ne kuma. Daga neman kuɗi, ba ta tsira ba. A 2012 shugabanninta sun nuna cewa za su yi amfani da shekara goman harajin su tara asusun ajiya mai girman da ribarsa za ta riƙe gidan. Sai alkawarin dala miliyan 100 na 'yan fansho ya shigo tsakani, ya ci ƙarfin masu bayarwa da lokacin masu nema. Gidan ya koma wurin masu zaɓe tun wa'adin farko bai ƙare ba, wasu suka ce an saɓa musu alkawari. A Maris 2020 gundumomin uku suka sake amincewa da harajin na wasu shekara goma, wanda zai kai farkon shekarun 2030. Kafin lokacin, ko dai asusun ajiyar ya cika, ko kwamiti ya sake tsayawa gaban mutanen Wayne da Oakland da Macomb karo na uku da lissafin yaran da bas ya kawo da abin da aka yi da kuɗinsu.